Wanda Ya Sha Kaye, Wa Zai Rufa Masa Asiri?

A ƙarshen watan Disamba na 2023, ranar da Kadri Abdu, wanda jama'a suka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas, ina zaune a ƙofar gida a nan Abala tare da kawuna, dattijon da ya ba shekara saba'in baya. Yara sun yi cincirindo a kan wata wayar salula, aka miƙo masa ita don girmamawa. Ya kalli kayen, aka maido masa da shi baya ya sake kallo, sannan ya mayar da wayar bai ce uffan ba. Na ce masa: “Kawu, ai yau ka fi mutanen Agadas gani, tunda su sau ɗaya suka gani, kai kuwa sau biyu, kuma kusa da kusa.” Sai ya dube ni ya ce: “Ɗana, in an yi suna gidan ɗan'uwanka aka aiko maka da nama, ka ci naman suna. To, ka je sunan?”

Tun daga ranar wannan tambaya take yi mini yawo a zuciya. Ya kai mai karatu, malami ɗan'uwana ko mai hidimar ƙungiyar raya al'adu, ita ce nake so mu tattauna: mene ne bambancin wanda ya je kokowa da wanda ya ga kokowa? Kuma idan akwai bambanci, shin wani haƙƙi ne ya sauka daga wuyan mai kallo, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai ke damun tsofaffi?

Da'irar da aka gina da mutane

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ya san lokacin kokowa. Sai kaka ta yi, an yanke gero an kai rumbu, ciki ya ɗauka, jiki ya murmure daga wahalar noma. A lokacin ne samarin wani gari kan ɗauki makaɗinsu su nufi wani gari, a ƙafa ko a kan jakuna. Sarkin samarin garin da aka je shi ke tarbar baƙi, ya raba su gida-gida, a kawo fura, a kawo tuwo. Kafin a kama juna a fili, an riga an ci abinci a ƙwarya ɗaya. Wanda za ka kayar gobe, a tabarmar gidanku ya kwana.

Filin kuwa ba shi da katanga ko ƙofa. Jikin mutane ne katangarsa: yara a gaba a zaune, manya a baya a tsaye, mata da ƴanmata a gefensu. In da'irar ta matse, wani ya ɗauki reshe ya kora yara baya. Ba a sayen tikiti, amma ba wanda ke zuwa hannu sake, domin akwai goron makaɗi, akwai kyautar da za a miƙa wa wanda ya yi bajinta. Makaɗi ya san kowane ɗan kokowa da ubansa da kakansa, in ya taɓa ganga ya ambaci zuriyar mutum, sai ka ga tsigar jikin dangi duka ta tashi. Ɗan kokowa ya fito da walkinsa da layunsa da gurayensa, ya yi kirari, ya je ya tsaya gaban wanda yake nema.

A wannan fili mai kallo yana da aiki huɗu a lokaci guda. Shi ne katanga, shi ne alƙali, shi ne mai biyan lada, shi ne kuma mai masaukin baƙi. In an yi kaye mai gardama, dattawan da ke wurin su ke yanke hukunci, kuma maganarsu ta zauna domin gobe ma su za a tarar a kasuwa da masallaci. In an haɗa ƙato da yaro, taron ne ke cewa a'a. Idan mutum ya cire kansa daga wurin, da'irar ta ragu da mutum ɗaya, kuma an san wane ne bai zo ba.

Daga dandali zuwa takobi

A shekarar 1975, shekara ɗaya bayan sojoji sun karɓi mulki, gwamnatin Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a ƙasar Filinge, ta shirya gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa. Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ne ya yi nasara. Ƙasa ta fito daga fari da yunwa, hukuma na neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a inuwa ɗaya, sai ta tarar kokowa na nan a shirye. Aka mai da ita gasa mai zagaya manyan garuruwa. A tsarin da muka saba da shi, jaha takwas ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa goma, a yi ta faɗuwa har a bar mutum ɗaya a tsaye, a naɗa masa rawani a ba shi takobi.

Kawuna da tsararrakinsa ta rediyo suka san Kantu da Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram. Ba su taɓa ganin fuskokinsu ba a shekarun farko, amma sun san su kamar maƙwabta, domin muryar mai ba da labari da waƙar Sagalo sun zana musu su. Abin lura shi ne, rediyon bai wargaza taro ba. Akwati ɗaya ne a unguwa, sai a taru a gindin bishiya a saurara, a yi gardama, a karo batir da kuɗin karo-karo. Haka ma da talabijin ya zo a zamanin ƙuruciyata: mukan cika tsakar gidan mai akwatin, mu zauna a ƙasa kamar yadda ake zama a dandali. Da'irar ta koma rabi, kowa ya fuskanci gefe ɗaya, amma har yanzu kafaɗa na gugar kafaɗa.

A manyan garuruwa kuma aka gina filaye na siminti masu ƙofa da matakala, daga baya aka raɗa musu sunayen mazan jiya: na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Tilaberi sunan Naruwa Sanu. Aka kawo alƙalin wasa mai usur, da agogo, da gargaɗi ga wanda ya ƙi kamawa. Aka ware rumfar manyan baƙi, aka jera allunan talla, lasifika ta rinjayi ganga. Kyauta ta tashi daga goro da riga ta kai doki da miliyoyin kuɗi. Daga ƙarshe waya ta shigo aljihun kowa, kokowar da ake kwana ana yi ta koma guntun hoto na daƙiƙa goma sha biyar da ake aikawa ta WhatsApp.

Abin da aka samu

Adalci ya wajaba a kan mai rubutu, don haka sai mu faɗi ribar. Ɗan kokowar da a da yake gama ƙarfinsa ya koma gona hannu wofi, yau yana iya gina gida ya ciyar da dangi da guminsa. Agogo da alƙali sun rage rigingimun da a da kan tashi daga fili su bi mutane har gida, wani lokaci gari biyu su yi shekara ba sa ga-maciji saboda kaye ɗaya. Matar da ba za ta iya barin gida ba, da majinyaci, da ɗan ci-rani da ke Libiya ko Abijan, duk suna kallo a lokaci guda da gwamna. Kokowarmu ta fita duniya. Da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, tana cikin wasannin da aka yi. Wanda ya ce duk wannan ba komai ba ne, bai yi gaskiya ba.

Kuma ba mu kaɗai wannan sauyi ya shafa ba. A Ingila da Faransa akwai wasan ragbi, wanda wasu ke kira zari-ruga. Fiye da shekara ɗari dokarsa ta hana biyan ɗan wasa albashi, sai a 1995 aka buɗe ƙofar kuɗi. Tsofaffin masoyansa suna tuna lokacin da ɗan wasa yake malamin makaranta ko manomi ko mahaucin unguwa, a tashi wasa a zauna tare da shi a sha abin sha. Yau tikiti ya yi tsada, masu talabijin ke tsara lokacin wasa, alƙali kan dakatar da wasa ya jira hukuncin wani da ke kallon hoto a ɗaki, kuma a 2024 babban filinsu na Twickenham da ke Landan ya koma amsa sunan kamfanin inshora na Allianz. Kukan tsohon Bature da kukan kawuna iri ɗaya ne: a da da mu ake yi, yau mu ake nuna wa.

Abin da ya salwanta

To, mene ne ainihin abin da ya ɓace? Na daɗe ina zaton ɗumin taro ne kawai, da ƙura da kiɗa. Wani ɗalibina ne ya nuna mini cewa abin ya fi haka zurfi.

Yaro ne ɗan aji uku a kwaleji, mai ƙarfi, mai son kokowa. A wani hutu aka yi ƴar kokowar samari a unguwarsu, wani da bai kai shi girma ba ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, walkinsa ya kwance. Wani ya ɗauka da waya. Kafin a koma makaranta hoton ya zaga gari, an ɗora masa kiɗa, an rage masa sauri don a daɗe ana dariya. Yaron ya yi mako biyu bai zo aji ba. Da na same shi a gida na ce masa faɗuwa ba a kansa aka fara ba, sai ya ce mini: “Mushe, ba faɗuwar ce ta dame ni ba. Sau ɗaya na faɗi, amma kullum sai an sake kayar da ni.”

A nan ne na gane maganar kawuna. A tsohon dandali ma ana faɗuwa, ana kuma dariya, har ƴan cali-cali su fito su kwaikwayi yadda mutum ya ci ƙasa. Amma faɗuwar tana da iyaka. Wanda ya yi kaye kan miƙa hannu ya ɗaga abokin karawarsa. Makaɗi kan juya kiɗa zuwa ga wasu, idon jama'a ya bi shi. Wani dattijo kan jawo wanda ya faɗi ya zaunar da shi kusa da shi, ya kakkaɓe masa baya, ya tuna masa ranar da ubansa ma ya sha ƙasa. Da dare ya yi, mai masaukinsa ya kawo masa tuwo kamar yadda ya kawo jiya. Washegari labari ya fara tsufa, bayan wata ɗaya ya zama abin raha, baɗi kuma ga wata kakar. Taron da ya ga faɗuwar shi ne taron da ya binne ta.

Dalilin haka a fili yake. Mai kallo a dandali ana ganin sa yadda yake ganin wasu. In ya wuce gona da iri wajen dariya, ga ƙanin wanda ya faɗi a gefensa, ga surukinsa a bayansa. Kunya ke riƙe shi, kuma kunyar nan ita ce suturar wanda ke ƙasa. Mai kallo ta waya kuwa yana gani, ba a ganin sa. Ba ya bin kowa goro, ba ya bin kowa gaisuwa, ba zai haɗu da uwar yaron a bakin rijiya ba, ko kuma yana zaton ba zai haɗu da ita ba. An sauke masa nauyin zama shaida, an bar masa daɗin kallo. Ita kuma waya ba ta da mantuwa, alhali mantuwa na cikin rahamar da mutane ke yi wa juna.

Wannan ya shafi har manyan ƴan kokowa. Duk lokacin gasar ƙasa, za ka ga yadda ake zagin wanda ya faɗi a shafukan Facebook, a ce an saye shi, a ce asirinsa ya karye, a zagi jaharsa baki ɗaya. Wasan da aka ɗaukaka don ya haɗa jahohi, a hannun mai kallon da ba a gani yana iya zama wuƙar raba su. Cikin ƴan kokowa tamanin, saba'in da tara faɗuwa za su yi. Idan kallonmu bai tanadi komai ba sai tafi ga mutum ɗaya, to mun koya wa ƴaƴanmu cewa duk wanda bai zo na ɗaya ba abin dariya ne. Mu malamai mun san inda wannan darasi ke kai yaro ranar da aka kira sakamakon jarrabawa bai ji sunansa ba.

Uzurin zamani, da uzurin Abala

Sai dai kada mu yi saurin ɗora wa yara laifi. Bahaushe ya ce tuna baya shi ne roƙo. Wani ɓangare na kukan kawuna kukan gwiwoyinsa ne da ba sa iya kai shi Sanam ko Tukunus a ƙafa, da kukan abokan da yake zuwa da su waɗanda ƙasa ta rufe. Ko da an maido masa da dandalin 1975 cif, ba za a maido masa da shekara ashirin ba. Tsohon dandalin ma yana da nasa aibin: akwai son kai na gari, akwai baƙon da aka danne wa gaskiya don ba shi da dangi a wurin.

Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi. Yaran Abala ba su zaɓi waya a kan dandali ba. Tun 2012 da rikicin Mali ya koro dubban ƴan gudun hijira zuwa garin nan, rayuwa ta sauya. A watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da wasu sassan Tilaberi da Tawa, a farkon 2020 aka hana hawan babur. Garuruwa da dama sun watse, hanyoyin da samari ke bi da makaɗinsu sun zama abin tsoro, taron dare ya zama abin da uba ke hana ɗansa. Yaron da aka haifa a 2010 bai san daren kokowa irin wanda na sani ba, kuma ba shi ya kashe shi ba. A irin wannan hali, ƴar wayar nan ita ce tagar da ta rage masa yake hango cewa shi ma ɗan ƙasa ne, yana da jaha, yana da gwanin da yake goyon baya. Wanda ya ce a ƙwace ta, ya ƙara wa yaron duhu.

Saboda haka komawa baya ba ta taso ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tambayar da ta rage ita ce: wace tarbiyya ce tsohon dandali ke koyarwa ba tare da an sani ba, wadda yanzu dole a koyar da ita da gangan?

Haƙƙin da ke kan mai kallo

A ganina amsar ita ce: kallo amana ne. Wanda ya tuɓe riga ya shiga fili ya ba ka abu mai tsada, ya yarda ka ga ƙarfinsa, ya kuma yarda ka ga rauninsa. Abin da yake bin ka shi ne ka yaba masa in ya yi nasara, ka rufa masa asiri in ya faɗi. Da can matsin jama'a ke tilasta maka biyan wannan bashi. Yau babu mai tilasta maka, sai halinka. Wannan ya sa nauyin ya ƙaru a kan mai kallon zamani, domin alherin da mutum ya yi ba wanda ke ganin sa ya fi wuyar yi.

A nan tsofaffin masoya kokowa suke da aikin da ya fi ƙorafi. Su kaɗai suka rage da suka san yadda ake zama a da'ira. Idan suka ja gefe suna cewa kokowa ta mutu, to sun tafi da ilimin kabari. Mu kuma malamai da ƙungiyoyin al'adu muna da abin yi wanda bai fi ƙarfinmu ba. Filin makaranta yana nan, rana tana nan ko da dare ya gagara. Ana iya shirya kokowar ɗalibai da la'asar bayan kaka, a gayyato dattawan unguwa su zauna a gaba su yi hukunci, a kira makaɗin gari, a sa ƴaƴan ƴan gudun hijira da ƴaƴan gari a da'ira ɗaya. A kafa sharaɗi tun farko cewa wanda ya yi kaye shi zai ɗaga wanda ya faɗi, kuma ba a aika hoton kowa sai da yardarsa. Lokacin gasar ƙasa, maimakon kowa ya shige ɗaki da wayarsa, a haɗa akwati ɗaya a fada ko a harabar makaranta, yaro ya zauna kusa da kakansa. A darasin Hausa, a aiki ɗalibai su je su rubuto daga bakin tsofaffi yadda ake karɓar baƙin kokowa da yadda ake sallamar su, kafin masu labarin su ƙare.

Ɗalibin nan nawa ya dawo aji, amma ba ni na dawo da shi ba. Kawuna ne ya ji labari ya sa aka kira masa shi. Ban san duk abin da suka tattauna ba, na dai tarar da su a kan tabarma ɗaya, tsohon yana nuna masa da hannu yadda ake kare ƙafa daga mai neman ɗauka, yana kuma lissafa masa garuruwan da shi kansa ya sha ƙasa a cikinsu, yana dariya har da hawaye. Ya ambaci shida. Ni da na tashi ina jin labarin bajintarsa, ban taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba, domin mutanen da suka gani sun riƙe masa amana shekara hamsin.

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanyoyin Kurfai, samari su sake ɗaukar makaɗinsu su je garin maƙwabta. Kafin wannan rana, Allah ya ba mu ikon zama masu kallon da wanda ya faɗi ba zai ji tsoron idonsu ba.